Kawu da Mutanen da Ke Cikin "Da Sauransu"

Kafin masu shara su gama da barandar bene na biyu, Kawu ya riga ya iso. Yakan hau matakala a hankali saboda gwiwa, hannu ɗaya a kan ƙarfen dafawa, ɗaya riƙe da jakar da zif ɗinta ya daɗe da mutuwa. Ofishin mujallar cibiyarmu ɗaki ɗaya ne a ƙarshen baranda, mai tebur uku: na Edita, wanda sai ranar taro ake ganinsa a kai, da nawa ni mai buga rubutu a kwamfuta, da na Kawu a jikin taga. Yakan buɗe tagar ya tokare ta da guntun katako, ya jona butar shayi, ya goge tabarau da bakin riga. Sannan ya jawo maƙalar da ke saman tuli, ya juya ta baya, ya fara karatu daga shafin ƙarshe.

Cibiyarmu ta binciken cututtuka ce, mujallar kuma ita ke buga sakamakon binciken da likitoci da masana suka yi. Kowace maƙala tana ƙarewa da manazarta, wato jerin ayyukan da marubucin ya dogara da su: wa ya rubuta, a wace shekara, a wace mujalla, a wane shafi. Wannan jerin da yawancin masu karatu ke tsallakewa shi ne aikin Kawu tun kafin a haife ni. Shi ke tabbatar da cewa duk lambar da aka sa a cikin rubutu tana da mai ita a ƙarshe, duk wanda ke ƙarshe kuma an kira shi a ciki. Shi ke duba ko shekarar da aka rubuta ita ce ta gaskiya, ko shafin da aka nuna yana nan. A ƙarshen watan jiya ya yi ritaya.

Ba kawun kowa ba ne a cibiyar, amma daga mai gadi har Darakta haka ake kiransa. Uwargidansa ta taɓa gaya mini, ranar da ta biyo da maganin gwiwar da ya manta a gida, cewa ko littafin jikokinsa ya ɗauka sai ya leƙa baya tukuna. Ta ce ita dai ta haƙura, ta auri mutumin da ke shiga gida ta ƙofar baya. Kawu yana ji, bai ɗago kai ba, ya ce ai a bayan gida ake gane mai tsabta.

Na iske labaransa tun kafin in iske shi. Mai laburare takan ce babu tsohon kundin da ke ɗakin ajiya wanda bai san hannun Kawu ba. Wata likitar yara ta ba ni labarin maƙalarta ta farko, lokacin tana ɗaliba. Ta goge sakin layi biyu a tsakiyar rubutu, lambobin madogara suka hargitse tun daga nan har ƙarshe, ga wa'adin miƙawa ya zo. Ta shigo ofis tana kuka. Kawu bai ce mata ta yi shiru ba. Ya zuba mata shayi, ya raba takardun gida biyu, ya ba ta rabi ya riƙe rabi, ya ce ta karanta jimla shi ya nemo mai ita. Ta ce ba ta san lokacin da kukan ya tsaya ba, ita dai ta ji kanta tana musu da shi a kan wata shekara. Har yau idan ta zo cibiyar sai ta hau bene ta gaishe shi, shi kuma sai ya tambaye ta ko lambobinta suna nan lafiya.

Kai ne, Kawu, wanda ba ya mayar wa marubuci aikinsa a gaban mutane. Sai ka bari ya zauna, ka tambaye shi iyali, sannan ka tura masa takardar a kife. Kai ne ka koya mini cewa madogara alkawari ce: marubuci yana ce wa mai karatu, je ka wuri kaza za ka iske abin da na faɗa. Ka ce aikinmu kawai shi ne kada mai karatu ya je ya iske kango.

Amma abin da ya sa na ɗauki alƙalami, ni da ko a taron ofis ba a cika jin muryata ba, shi ne abin da ya faru a fitowar mujalla ta ƙarshe da ya yi mana.

Mujallarmu tana da wata ƙa'ida tun kafuwarta. Idan marubutan aikin da aka dogara da shi sun wuce shida, a rubuta shidan farko, sannan a ce "da sauransu". Babu wanda ya kai Kawu riƙon wannan ƙa'ida. Ko marubuci ya jero sunaye goma, fensirin Kawu zai tsaya a na shida ya ja layi.

A ƙasanmu, a ɗakin gwaje-gwaje, akwai wata ma'aikaciya da ake kira Uwar Sauro. Ni Anti nake ce mata. Ita ke bin kududdufai da kwatoci da takalmin roba tana ɗebo tsutsar sauro, ita ke renon ta a kwanoni har ta yi fiffike a yi gwaji da ita. Shekarun baya, tsutsar da aka ɗebo daga nesa takan mutu a mota saboda zafi da girgiza. Anti ce ta gano yadda za a kawo ta da rai: yawan ruwan da za a bari a kwalba, yadda za a naɗe ta da jiƙaƙƙen ƙyalle, da yadda za a jera kwalaben a kwali. Da wannan dabara aka yi wani babban bincike da aka buga a wata mujalla ta ƙasar waje. Farfesan da ya jagoranci aikin, Allah ya jiƙansa, bai ci haƙƙinta ba, ya sa sunanta cikin marubuta. Ita ce ta takwas. Tun daga lokacin kusan duk wanda ya yi rubutu a kan sauro a mujallarmu sai ya dogara da wannan aiki, kuma a kowane shafi abin da ake gani shi ne sunan Farfesa, da mutum biyar, da sauransu.

Wata rana da la'asar Anti ta hawo bene, abin da ba ta saba ba, ta ja kujerar Edita ta zauna, ta cire safar hannu ta ajiye a cinya. Ta ce sallama ta zo yi, domin ba ta son Kawu ya ji a bakin wani. Ƙaninta yana da shagon magani, ya daɗe yana roƙonta ta zo ta riƙe masa, yanzu ta amsa. Da zarar wannan zangon aiki ya ƙare za ta ajiye.

Kawu ya tambaye ta wa ya taɓa ta. Ta ce babu. Da ya matsa, sai ta ba da labari tana dariya, irin dariyar da ba ta kai ido. Wani sabon mai bincike ne da ya dawo daga karatu, yaro mai ladabi, ya same ta da safe da takarda a hannu. Ya ce zai tura ta ɗebo tsutsa daga nesa, kuma akwai wata hanya ta marigayi Farfesa da yake so ta bi. Ya zauna ya bayyana mata ita tiryan-tiryan, har da zana mata kwalba, sannan ya tambaye ta ko za ta iya. Ta ce masa za ta gwada.

"Ba laifinsa ba ne, Kawu," in ji ta. "A mujallarku ya karanta. Ni ai shekara da shekaru a cikin 'da sauransu' ɗin nan naka nake zaune, ko haya ba ka taɓa karɓa ba. Wanda ya san ina ciki ya rasu. To zaman me nake yi?"

Kawu bai ba ta haƙuri ba. Ya jawo tsohuwar fitowa daga kan kanta, ya buɗe baya, ya daɗe yana kallon shafin. Da ya yi magana, a hankali ya yi ta.

"Da hannuna na yanke ki," ya ce. "Ba sau ɗaya ba."

Ta ce masa kada ya sa wa ransa komai, ƙa'ida ce. Ta ɗauki safarta ta sauka. Ranar shayinsa a kofi ya huce.

Da Edita ya zo taro, Kawu ya ce yana da roƙo ɗaya kafin ya tafi: a daina yanke sunaye a manazarta, kuma a fara daga wannan fitowar. Edita sa'ansa ne, tare suka tsufa a ginin, ba sa raga wa juna. Ya kwantar da baya a kujera ya ce shekaru nawa Kawu ya yi yana hana shi sakat a kan wannan ƙa'ida, yanzu da zai tafi ne zai rushe ginin ya bar shi da ƙura? Sannan ya kawo hujjojinsa, kuma hujjoji ne na gaske. Akwai ayyukan da marubutansu suka kai ɗaruruwa, ba za a cika mujalla da su ba. Ga shi adadin shafukan kowace fitowa a ƙayyade yake, maɗaba'a kuma ba ta ƙara shafi ɗaya sai dai babban falle guda mai shafuka da yawa, wanda cibiya ba za ta amince ba. Kawu ya yarda da ta farko nan take, suka tsaya a kan sunaye ashirin. A ta biyu Edita ya kafe.

"Ko layi ɗaya ya haura, Malam, mu koma gidan jiya."

"Na ji, Yallaɓai. Ka dai sa hannu kafin ka canza ra'ayi, na san halinka bayan azahar."

Wanda bai san aikin ba zai ɗauka danna maɓalli ɗaya ne a kwamfuta. Ba haka ba ne. Marubuta sun aiko da maƙalunsu da "da sauransu" a rubuce, domin abin da muka koya musu ke nan. Sunayen da aka yanke babu su a ko'ina cikin takardun da ke hannunmu. Dole a koma ga kowane aiki na asali a kwafo su. Sababbi suna intanet, waɗannan ni na nemo. Tsofaffin kuwa suna ɗakin ajiya na laburare, a saman bene, cikin kundayen da aka ɗaure da igiya. Mai laburare ta ce ranar da ta iske Kawu ya ɗora ƙafa a kan tsani da wannan gwiwar, ta ce masa in bai sauko ba za ta kira uwargidansa. Ya sauko. Ita ta riƙa hawa tana miƙo masa, shi yana ƙasa yana kaɗe ƙura yana atishawa yana ce mata ba wancan ba, na kusa da shi.

Da rana yakan zauna ya karanto mini sunayen ina bugawa. A nan na fara lura da su waye ke zaune daga na bakwai zuwa ƙasa. Ma'aikatan ɗakin gwaji ne, da nas-nas, da masu zagaya ƙauyuka suna ɗibar jini, da ɗalibai. Kawu ya san da yawansu. Yakan tsaya a kan suna ya ce wannan ita ce mai tsoron kare amma ta shiga gida-gida, wannan shi ne ya kwana uku da firij lokacin da wuta ta lalace. Wani sunan ya fito iri biyu a takardu biyu, sai ya nemi lambar mai shi, wata tsohuwar nas da ta daɗe da barin aiki, ya kira ta ya tambaye ta yadda take rubuta shi. Ta ɗauka rasuwa aka yi. Da ta gane dalilin kiran, ta ce masa ashe har yanzu bai warke daga ciwon bin ƙwaƙƙwafi ba. Amma ta faɗa masa harafi-harafi, ta kuma ce a aiko mata da kwafi.

Sunaye suka kumbura shafuka, sai aka koma neman wuri. Kawu ya bi manazarta layi-layi kamar mai tsince tsakuwa. Sunayen mujallun da aka rubuta dogo-dogo ya taƙaita su yadda aka saba taƙaitawa a duniyar kimiyya. Ya gano wuraren da marubuci ya kawo aiki ɗaya sau biyu da lamba daban, ya kira shi suka haɗe su. Ya roƙi wani likita ya rage dogon bayanin da ke ƙarƙashin jadawali. Ni da mai tsara shafi na maɗaba'a muka matse abin da zai matsu. Duk da haka, da aka haɗa komai, rabin shafi ya haura. Babu sauran abin yankewa. Kawu ya dubi takardar ya ce mu sake dubawa, muka sake, rabin shafin yana nan ko gezau.

Akwai abin da ni da Edita muka ɓoye masa. Edita ya rubuta masa jawabin bankwana, da hotonsa, za a sa a shafin kusa da ƙarshe. A tarihin mujallar ba a taɓa buga sunan Kawu ba, ko a jerin ma'aikata, domin shi ke cire shi da kansa. Mai tsara shafi ne ya tona mu ba da niyya ba, ya baje dukkan shafukan a tebur don a ga inda matsalar take. Kawu ya ga fuskarsa. Ya ɗauki shafin ya kai jikin taga, ya karanta har ƙarshe, ya sake karantawa. Sannan ya auna tsawonsa da yatsu, ya auna abin da ya haura.

Edita ya gane tun kafin a yi magana. Ya ce kada ma ya fara. Ya ce kwanaki ya yi yana rubutun nan, kuma mujallar ba ta gadon gidan Kawu ba ce da zai ce abin da za a sa da wanda za a cire. Ban taɓa ganin ransa ya ɓaci haka ba.

"Rubutun ya yi kyau, Yallaɓai, ban san kana sona haka ba," in ji Kawu. "Ka ba ni takardar in kai wa uwargida, ita ce ba ta yarda ina aiki a nan ba. Shafin kuma ka ba su. Ni kowa ya san inda teburina yake."

Edita ya tashi ya tsaya a bakin ƙofa ya ba mu baya. Da ya juyo ya ce wa mai tsara shafi ya cire, ya ce wa Kawu taurin kai ne zai kai shi ƙasa ba gwiwa ba. Ya fita bai rufe ƙofa ba.

Da bugun gwaji ya dawo daga maɗaba'a, Kawu ya aike ni in kira Anti. Na iske ta tana wanke kwanoni, ta riga ta fara kwashe kayanta daga durowa. Ta biyo ni tana tambayar ko lafiya. Kawu bai yi mata jawabi ba. Ya buɗe shafin manazarta na maƙala ta farko ya tura mata, sannan na ta biyu, sannan na ta uku. Ta goge hannu a jikin rigar aiki, ta sa yatsa ta bi layin, ta wuce Farfesa, ta wuce biyar ɗin da ta haddace, ta wuce na bakwai, ta tsaya. A manazarta sunan mahaifi ake rubutawa, sai harafin farko na sunan mutum. Ta daɗe a wurin.

"Ashe tsohona ne ya fito," ta ce. "Ni harafi ɗaya aka ba ni."

"A baya iyakar abin da nake da shi ke nan," in ji Kawu. "Mai son sunansa cikakke, saman shafin farko yake hawa. Ki rubuta taki."

Ta yi tsaki ta ce ita da ta bar makaranta tun yaushe. Kawu ya ce ai bai ce ta koma makaranta ba, cewa ya yi ta rubuta abin da take yi kullum. Ta tambaya ko za a iya ba ta shafin, ya ce bugun gwaji ba ya fita daga ofis, amma ya sa na yi mata kwafinsa. Ta ninke ta sa a aljihu ta sauka, ba ta ce ta fasa tafiya ba, mu ma ba mu tambaya ba.

Zangon ya ƙare, ana ta ganin takalmin robarta a bakin ɗakin gwaji. A makon ƙarshe na Kawu ta sake hawowa bene ta ajiye masa takardu a tebur. Maƙala ce a kan yadda tsutsar sauro ke jure doguwar tafiya, daga abin da ta tara na shekaru, wani wurin bugun kwamfuta, wani wurin rubutun hannu. Sunanta ne a sama, cikakke, na farko. Na biyu shi ne sabon mai binciken nan, wanda ya taya ta lissafi. Kawu ya riƙe ta, ya mayar mata ana gobe zai tafi, babu layin manazarta ɗaya da fensirinsa bai taɓa ba. Anti ta juya shafukan ta dube shi ta ce, ashe ko kara babu tsakaninsu.

"Ke marubuciya ce yanzu," ya ce. "Haka nake yi musu duka."

Ta gyara. Maƙalar tana hannun masu tantancewa, ita kuma tana ƙasa da kwanoninta. Ƙaninta ya ɗauki wani a shago.

Kawu, mai gyaran bayan gida, mun gode. Kai ne ka riƙe ƙa'ida tsawon rayuwar aikinka da gaskiya, kuma ranar da ka ga ta danne mutum ba ka ji nauyin cewa da hannunka aka yi ba. Kai ne aka ba rabin shafi sau ɗaya tak, ka raba wa mutanen da wasunsu ba za su taɓa sanin daga ina ya fito ba. Allah ya saka maka da alheri, ya ba gwiwa lafiya, ya ba uwargida haƙurin zama da kai a gida daga safe har yamma.

Ku da kuke rubutu, ku nemi asalin abin da kuka dogara da shi ku ga su wa suka yi shi, har na ƙarshensu. Ku da kuke shugabantar aiki, ku tambayi wanda ya daɗe a ɗakin kafin ku koya masa. Ku da aka ba ƙaramin aiki a ƙarshen baranda, ku yi shi yadda Kawu ya yi nasa. Wannan rubutu kuwa, Kawu, a madadin wancan rabin shafin ne. Na kai shi inda ba ka da ikon cire shi.